Dala Miliyan 700 Don Buga Ƙwallo Da Sanda: Kwalliya Na Biyan Kuɗin Sabulu Kuwa?

A gidajen kallon ƙwallo na bakin get, da teburin mai shayi bayan an tashi wasa, babu musun da ya kai na kuɗin 'yan wasa zafi. Wane ya ci kuɗinsa, wane kuma asara kawai ya jawo wa kulob. Har yau idan aka tuna yuro miliyan 222 da PSG ta biya a kan Neymar a 2017 sai ka ga an riƙe baki. To amma akwai wani wasa da ba mu cika kallo ba a nan, wanda alƙalumansa suka fi waɗannan tayar da hankali, wato besbol, wasan da Amurkawa da Japanawa da mutanen yankin Karebiyan ke ji da shi.

A watan Disambar 2023 kulob ɗin Los Angeles Dodgers ya ɗauki wani Bajapane mai suna Shohei Ohtani a kan dala miliyan 700, kwantiragin shekara 10. Ba a gama mamakin wannan ba, shekara ɗaya bayan nan New York Mets ta ba Juan Soto, ɗan Jamhuriyar Dominika, dala miliyan 765 na shekara 15. Idan muka ɗauki canji a kan naira 1,500 ga dala ɗaya, kuɗin Ohtani ya haura naira tiriliyan ɗaya, abin da ya fi kasafin kuɗin shekara na jihohi da dama a ƙasar nan. Na Soto kuwa dala miliyan 51 ne a shekara. Raba shi gida 162, yawan wasannin da kowane kulob ke bugawa a kaka, zai ba ka kusan dala 315,000 a kowane wasa, ko ya taɓuka abin kirki a ranar ko bai taɓuka ba.

Tambayar da ake yi a can ita ce dai wadda muke yi a nan: shin mutum ɗaya ya kai wannan kuɗi, ko kuwa masu kulob ne kuɗi ya yi musu yawa? Kafin a amsa, sai an san yadda wasan yake da yadda kasuwarsa take, domin ba ɗaya ba ce da ta ƙwallon ƙafa.

A taƙaice, mai jifa ne ke wurgo ƙwallo da ƙarfi, mai bugu kuma ya yi ƙoƙarin dukanta da sanda, sannan ya ruga ya zagaye tashoshi huɗu ya dawo gida, a ba ƙungiyarsa maki ɗaya. Idan ya buga ta tsallake katangar fili, ya zagaya ke nan ba mai tare shi, kuma wannan shi ne bugun da 'yan kallo suka fi so. Mutum tara ne ke bugu bi da bi a kowace ƙungiya. Wasan na da wuya ƙwarai, don wanda ya yi nasarar bugu sau uku a cikin goma gwani ake ce masa. Babbar gasar ita ce MLB mai kulob 30, kuma kofin da kowa ke nema shi ne na World Series da ake bugawa a ƙarshen kaka.

Bambanci na farko da ƙwallon ƙafa shi ne, waɗannan miliyoyin ba kuɗin sayen ɗan wasa ba ne da ake ba tsohon kulob ɗinsa. Albashi ne tsagwaronsa, aljihun ɗan wasan za shi. Na biyu, wanda shi ne tushen duk rigimar, kwantiragin tabbatacce ne. Ko ya karye, ko ya tsufa, ko ya daina ganin ƙwallo, ko kulob ya sallame shi gobe, sai an biya shi har sisin ƙarshe. Na uku, babu dokar da ta ƙayyade iyakar albashin da kulob zai biya, saɓanin gasar ƙwallon kwando ta NBA. Abin da ake da shi haraji ne da ake ɗora wa duk kulob ɗin da jimillar albashinsa ta wuce wani mizani, wanda a 2024 ya kasance dala miliyan 237.

Ba haka abin ya faro ba. Kusan shekara ɗari 'yan wasan besbol suna ɗaure da wani sharaɗi a kwantiraginsu da ya ba kulob ikon riƙe mutum har ya yi ritaya. Ko ka karɓi abin da aka ba ka, ko ka koma gida ka nemi wata sana'a. A 1969 wani ɗan wasa baƙar fata mai suna Curt Flood ya ƙi yarda a tura shi daga St. Louis zuwa Philadelphia, ya kai ƙara har Kotun Ƙoli, ya sha kaye a 1972, wasansa ma ya mutu a kan haka. Amma ya buɗe ƙofa. Ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa, ƙarƙashin Marvin Miller, ta ci gaba da matsa lamba har wani mai sasanci ya rushe sharaɗin a ƙarshen 1975. Masu bin ƙwallon Turai za su tuna da hukuncin Bosman na 1995, to wannan ya riga shi da shekara 20. Mu da muke da ƙungiyar ɗalibai ya kamata mu lura da wannan wuri: haɗin kan 'yan wasa ne ya kai albashi inda yake, ba kyautar masu kulob ba ce. A 1979 Nolan Ryan ya zama na farko da ya samu dala miliyan ɗaya a shekara, aka yi ta kururuwa cewa wasan ya lalace. Yau mafi ƙarancin albashi a gasar ya haura dala 700,000.

Sai dai yarjejeniyar da aka ƙulla a 1976 ta zo da wani tsari da har yau shi ke juya kasuwar. Ɗan wasa ba ya samun 'yancin zaɓen kulob sai ya yi shekara shida a babbar gasa. Shekara ukun farko kusan mafi ƙarancin albashi ake biyansa, komai ƙwarewarsa. Ukun da ke biye ana ƙara masa ta hanyar sasanci, amma dai ƙasa da abin da kasuwa za ta ba shi. Sai bayan nan ne zai fito kowa ya taya.

Anan gizo ke saƙar. Yawancin 'yan wasa suna shiga babbar gasa ne suna da shekara 23 ko 24, kuma masu nazarin alƙaluman wasan sun daɗe da gano cewa ganiyar ɗan besbol tana tsakanin shekara 26 zuwa 29 ne. Ka lissafa da kanka. Lokacin da mutum zai fito kasuwa ya kai 29 ko 30, ya riga ya ba kulob ɗinsa na farko shekarunsa mafi kyau a farashin gwanjo. Wanda zai zuba masa miliyoyi na shekara goma, sunan da ya yi a baya yake kallo, amma shekarun gangara yake saye. Kamar ka sayi mota ne a farashin sabuwa saboda labarin gudun da ta yi a hannun mai ita na farko.

Babu misalin da ya fi na Albert Pujols fito da wannan. Shekara 11 ya yi a St. Louis Cardinals, ya zama gwarzon ɗan wasa sau uku, ya ci World Series sau biyu, a 2006 da 2011. A lokacin babu mai musun cewa shi ne mai bugu mafi haɗari a duniya. A Disambar 2011 Los Angeles Angels ta ba shi dala miliyan 240 na shekara 10, yana dab da cika shekara 32. Tun daga kakar farko aka fara ganin alama. Ƙafa ta fara ciwo, gudu ya ragu, bugun da a St. Louis yake samu kusan sau 33 a cikin 100 ya koma kusan 26. A duk zamansa sau ɗaya kulob ɗin ya kai zagayen neman kofi, a 2014, aka fitar da su ba su ci ko wasa ɗaya ba. A watan Mayun 2021, shekarar ƙarshe ta kwantiragin, suka sallame shi, kuma suka ci gaba da biyan albashinsa yana buga wa wani kulob.

To ta yaya ake auna ko mutum ya ci kuɗinsa, ban da surutun 'yan kallo? Besbol wasa ne na lissafi, komai a rubuce yake tun ƙarni na 19, shi ya sa 'yan sashen ƙididdiga za su ji daɗinsa. Akwai wani ma'auni da ake kira WAR, wanda ke ƙoƙarin amsa tambaya ɗaya: wasa nawa wannan mutum ya ƙara wa ƙungiyarsa ta ci, idan aka kwatanta da a ce an ɗauko wani ɗan cike gurbi daga ƙaramar gasa an sa a wurinsa? Ɗan wasa madaidaici yakan ƙara kamar nasara biyu a kaka. Tauraro yakan ƙara biyar. Wanda ya kai takwas zuwa sama, maganar gwarzon shekara ake yi. Masu bin kasuwar kuma suna ƙiyasta cewa a 'yan shekarun nan kulob na biyan kimanin dala miliyan 8 a kan kowace nasara ɗaya idan zai sayo ta daga kasuwar 'yantattun 'yan wasa.

Da wannan sikeli, Pujols ya tara wa St. Louis nasara sama da 80 a shekara 11. A Angels kuwa kusan 13 ya tara a shekara 10. Raba miliyan 240 gida 13, kowace nasara ta tsaya musu a kusan dala miliyan 18. An yi asara, babu wani kwana-kwana.

Mu gwada na Soto. Miliyan 51 a shekara na nufin ana bukatar ya kawo nasara shida da ɗoriya kowace kaka, har shekara 15, jimilla sama da 90. Don ka gane girman wannan, wanda ya tara 60 a duk rayuwarsa ta wasa an fara maganar sa shi cikin jerin gwarazan tarihi. Babu wani mai hankali a ofishin Mets da ke zaton Soto zai yi haka yana da shekara 39 ko 40. Sun sani sarai. Abin da suke yi shi ne, suna sayen shekara bakwai ko takwas na ganiyarsa ne, sai su shimfiɗa biyan a kan shekara 15. Da za a biya shi daidai da aikinsa na yanzu, da sai an ba shi fiye da haka a shekara, harajin nan na wuce mizani kuma ya hau kansu, domin da matsakaicin albashin shekara ake lissafa shi. Tsawaita kwantiragi na rage wannan matsakaici. Ƙari a kan haka, farashin 'yan wasa hawa yake yi, miliyan 51 na shekarar 2037 ba zai yi nauyin na yau ba. Magoya bayan Chelsea sun san wannan dabara, don Todd Boehly, wanda ya zo yana raba kwantiragin shekara takwas ga irin su Enzo Fernández har UEFA ta canja doka a 2023, yana cikin masu Dodgers. Ba daga sama ya tsinci tunanin ba.

Saboda haka idan ka ga tsoho yana jan ƙafa a fili ana biyansa miliyan 30, kada ka yi saurin yanke hukunci da wannan shekarar kaɗai. Bashin shekarun baya ake biya. Tambayar gaskiya ita ce ko shekarun farko sun yi kyawun da zai rufe na ƙarshe. Abin da ya bambanta Soto da Pujols shi ne shekaru: Soto ya shiga babbar gasa yana da 19, ya fito kasuwa yana da 26, ganiyarsa na gabansa. Wannan ne ya sa kuɗinsa ya yi tsada haka.

Akwai kuma haɗarin da lissafi ba ya iya hangowa, musamman ga masu jifa, waɗanda gwiwar hannu da kafaɗa ke iya tsinke musu a kowane lokaci. Stephen Strasburg shi ne gwarzon World Series na 2019 lokacin da Washington Nationals ta ci kofi. Cikin murna kulob ɗin ya ba shi dala miliyan 245 na shekara bakwai. Wasa takwas kacal ya sake bugawa, ciwon jijiya ya gama da shi, ya yi ritaya a 2024. Kowane wasa ya tsaya a kan fiye da dala miliyan 30. Abokin wasansa Anthony Rendon shi ma miliyan 245 ya karɓa a wannan watan daga Angels (su dai Angels ɗin nan kamar an yi musu baki), ya shafe yawancin shekarun yana jinya.

Ko da ɗan wasan ya yi duk abin da ake so, akwai wata matsalar da ta keɓanta da besbol. A ƙwallon kwando tauraro na iya riƙe ƙwallo a kusan kowane hari. A ƙwallon ƙafa ma ana iya cewa a ba Messi ya san yadda zai yi. A besbol babu wannan. Komai gwanintarka sai layi ya zo kanka, sau huɗu ko biyar a wasa, ko da kuwa wasan na hannun mutum na takwas ne da bai iya komai ba. Babban mai jifa kuma sau ɗaya yake fitowa a cikin wasa biyar. Ƙungiyar da aka haɗa da 'yan cike gurbi zalla ana ƙiyasta za ta ci kamar wasa 48 a cikin 162, alhali ana bukatar wajen 90 kafin a kai zagayen kofi. Gwarzon duniya ya kawo maka tara ko goma. Sauran talatin da wani abu fa, wa zai kawo? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Texas Rangers ta koyi wannan darasi da tsada. A Disambar 2000 mai kulob ɗin, Tom Hicks, ya ba Alex Rodriguez dala miliyan 252 na shekara 10, fiye da miliyan 250 da shi kansa ya sayi kulob ɗin gaba ɗaya shekara biyu kafin nan. Rodriguez bai ci amana ba a fili: bugu 156 ya tsallakar da katanga a kaka uku, ya zama gwarzon shekara a 2003. Amma duk kaka ukun Rangers ce ta ƙarshe a rukuninta, saboda ba ta da masu jifa na kirki. A 2004 suka tura shi New York Yankees, har da yarda za su biya dala miliyan 67 daga cikin sauran albashinsa don dai a rabu. Lokacin da kulob ɗin ya shiga kotun fatara a 2010, Rodriguez na cikin masu binsa bashi. Magoya bayan Liverpool na da tsohon ciwo da sunan Hicks, shi ne dai wanda suka yi ta zanga-zanga a kansa har aka ƙwace kulob ɗin daga hannunsa a wannan shekarar. Haka Angels ta haɗa Ohtani da Mike Trout, manyan 'yan wasa biyu na zamaninsu, daga 2018 zuwa 2023, ba ta taɓa gama kaka da nasara fiye da rashin nasara ba.

Idan aka tsaya nan sai a ce duk babban kwantiragi wauta ce. Ba haka ba ne. Max Scherzer ya karɓi miliyan 210 na shekara bakwai daga Washington a 2015, ya ci kyautar gwarzon mai jifa sau biyu a jere, ya taimaka aka ɗauki kofin 2019. Boston Red Sox, wadda masu Liverpool na yanzu ke da ita, ta ƙi biyan Mookie Betts abin da yake so, ta tura shi Dodgers a 2020. Dodgers ta ba shi miliyan 365 na shekara 12, kuma da shi ta ci kofi a 2020 da 2024 da 2025. Ka tambayi mutumin Boston wa ya yi wayo.

Yanzu mu dawo kan Ohtani, don kwantiraginsa darasi ne guda ga 'yan akanta da 'yan harkar banki. Miliyan 700 ɗin nan da aka yi ta yayatawa, a gaskiya ba miliyan 700 ba ne. Dala miliyan 2 kawai yake karɓa a shekara a tsawon shekara goman da zai yi wasa. Sauran miliyan 680 an ɗage biyansu, za a riƙa ba shi miliyan 68 duk shekara daga 2034 zuwa 2043, babu ko sisin ruwa a kai. Duk wanda ya zauna ajin lissafin kuɗi ya san naira ɗari ta yau ta fi naira ɗari ta shekara goma masu zuwa. Mu a nan ba ma bukatar lakca a kan wannan, wanda ya tuna kuɗin kwanon shinkafa lokacin da ya shigo ND 1 ya kwatanta da na yau ya gama fahimta. Da hukumar gasar ta mayar da kuɗin zuwa darajarsa ta yau, da ragin kusan kashi 4.4 cikin ɗari a shekara, sai miliyan 68 ya koma kimanin 44. Haɗa da biyun da yake karɓa, miliyan 46 ke nan a shekara, wato kusan miliyan 460 gaba ɗaya. Har yanzu kuɗi ne na fitar hankali, amma ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Na Soto kuwa babu ɗage biya a cikinsa, don haka tazarar da ke tsakaninsu ta fi yadda take a kanun labarai nesa ba kusa ba.

Me ya sa Ohtani ya yarda? Yana samun miliyoyin daloli daga tallace-tallace, ba ya jiran albashi ya ci abinci. Kuma ya ga abin da ya faru a Angels, yana son kulob ya samu sararin ɗauko wasu gwanaye. A wannan watan Dodgers ta ɗauko wani Bajapanen mai jifa, Yoshinobu Yamamoto, a kan miliyan 325 na shekara 12, wanda shi ne ya zama gwarzon World Series na 2025.

Ɗage biya ba kullum yake yi wa kulob daɗi ba. A shekarar 2000 Mets na son rabuwa da Bobby Bonilla, yana binta dala miliyan 5.9. Maimakon ta biya, sai aka yi yarjejeniya a ɗage da ruwan kashi 8 cikin ɗari. Masu kulob ɗin na lokacin sun zuba kuɗinsu a wurin Bernie Madoff, suna ganin ribar da yake ba su ta fi wannan. Daga baya ta bayyana Madoff ɗan damfara ne, irin masu biyan tsofaffin masu zuba jari da kuɗin sababbi, mu ma mun ga irinsu a nan. Sakamakon haka, duk ranar 1 ga Yuli daga 2011 har zuwa 2035 Bonilla na karɓar kusan dala miliyan 1.19, jimilla kusan miliyan 30, mutumin da rabonsa da wasa tun 2001.

A fili, Ohtani ya fara da abin da ba a taɓa yi ba. Shi dama abin da ya sa ya fita daban shi ne yana jifa yana kuma bugu, duka a matakin ƙoli, abin da rabon da a gani tun zamanin Babe Ruth shekara ɗari da suka wuce. A 2024 bai yi jifa ba saboda tiyatar gwiwar hannu, amma ya tsallakar da 54 ya kuma saci tasha 59, mutum na farko a tarihi da ya haɗa hamsin da hamsin a kaka ɗaya. Ya zama gwarzon shekara a 2024 da 2025, kulob ya ci kofi duka shekarun biyu.

Amma ni a ganina ba a fili ne Dodgers ta fi cin ribarsa ba. Kulob kamfani ne. Yana da wasa 81 a gida kowace kaka, kowanne da tikiti da abinci da riguna da kuɗin ajiye mota. Dodgers na da yarjejeniyar talabijin ta dala biliyan 8.35 na shekara 25 da ta ƙulla a 2013. Zuwan Ohtani ya buɗe mata kasuwar Japan mai mutum sama da miliyan 120: kamfanoni irin su All Nippon Airways da Daiso da Toyo Tires suka shigo da talla, Japanawa masu yawon buɗe ido suka riƙa cika filin, aka buɗe kakar 2025 a Tokyo, kuma a wannan shekarar 'yan kallon da suka shiga filinta suka haura miliyan huɗu a karon farko. Duk wannan tana biyan mutumin miliyan 2 a hannu, ko da yake doka ta tilasta mata ta riƙa ware kuɗin da aka ɗage a gefe. Wannan ciniki ne da ko ɗan kasuwar Kantin Kwari zai sara wa. Sai dai ba kowane tauraro ne ke zuwa da ƙasa guda a bayansa ba, kuma ba kowane kulob ne ke zaune a birni kamar Los Angeles ba. Nasara ɗaya ta fi daraja ga kulob ɗin babban birni da ke dab da cin kofi fiye da ƙaramin kulob da ke ƙasan tebur. Shi ya sa kwantiragi ɗaya kan zama hikima a wuri, ya zama ganganci a wani wurin.

Masu cewa ba sai da kuɗi ba sukan kawo Oakland Athletics ta 2002, wadda littafin Moneyball na Michael Lewis da fim ɗinsa suka yi wa suna. Da albashin kusan dala miliyan 40 ta ci wasa 103, daidai da Yankees da ta kashe ninki uku. Gaskiya ne. Haka kuma Mets ta 2023 ta kashe abin da ba a taɓa kashewa ba a tarihin gasar zuwa lokacin, ta ƙare da nasara 75 da rashin nasara 87. Amma dabarun Oakland yanzu kowa ya koya, manyan kulob sun ɗauki nasu masana lissafin, sun haɗa wayo da kuɗi. Kuma Oakland ɗin ba ta ci kofi ba a wancan zamani. Abin da kuɗi ke saya shi ne damar kaiwa zagayen ƙarshe shekara bayan shekara. Kofin kansa ba ya sayuwa, don a gajeren zagaye na wasa biyar ko bakwai komai na iya faruwa. Dodgers ta ci wasa 111 a 2022, San Diego ta yi waje da ita a karon farko.

Akwai kuma dalilin da ya sa farashin manyan taurari kusan kullum yake wuce hankali. Gwanjo ne. Kulob biyar na zawarcin mutum ɗaya, kowa da ƙiyasinsa, kuma wanda ƙiyasinsa ya fi na kowa yawa shi ke ɗauka. Wanda ya fi kowa kyautata zato kuwa sau da yawa shi ne ya fi kowa kuskure. Balle idan mai kulob irin Steve Cohen ne na Mets, attajirin da ya sayi kulob ɗin da yake goyon baya tun yana yaro a kan kusan dala biliyan 2.4 a 2020, wanda ƙwace Soto daga hannun maƙwabtansa Yankees kaɗai ya ishe shi jin daɗi. Irin wannan ba da kalkuleta yake ciniki ba.

Mai karatu zai iya cewa, duk wannan lissafi ne na masu kuɗi, amma a ce mai buga ƙwallo ya samu a wasa ɗaya abin da malaminmu ba zai samu ba har ya yi ritaya, ai babu adalci. Ba na musu. Sai dai a tambaya: idan ba a ba ɗan wasan ba, wa za a ba? Gasar na samun kusan dala biliyan 12 a shekara. Idan aka rage wa Soto, kuɗin ba asibiti za shi ba, ba kuma tikiti ne zai yi sauƙi ba, don farashin tikiti yawan masu so ne ke yanke shi. Aljihun mai kulob zai koma. George Steinbrenner da abokansa sun sayi Yankees a 1973 a kan kusan dala miliyan 10, yau ana ƙiyasta ta da biliyoyi. Masu kukan albashi ya yi yawa ba su cika sayar da kulob ɗinsu da asara ba. Idan ana neman wanda aka ƙware a wannan tsari, a duba yaron da ke ba da nasara shida a kan mafi ƙarancin albashi, da dubban 'yan ƙananan gasa da har zuwa 2022 da yawansu ba sa samun dala 15,000 a shekara, sai da suka shiga ƙungiyar ƙwadago aka ninka musu a 2023.

Nawa hukuncin dai shi ne, idan nasarorin fili kaɗai za a ƙirga, yawancin dogayen kwantiragin da aka ba mutanen da suka haura 30 ba su biya kuɗin sabulu ba, na masu jifa kuma caca ce tsantsa. Waɗanda suka biya su ne na 'yan wasan da aka kama da ƙuruciyarsu, a kulob ɗin da ke da sauran gwanaye da kasuwar da za ta juya suna ya zama kuɗi. Na Ohtani ya riga ya shiga wannan sahu tun bai yi rabi ba. Na Soto da sauran kallo: a kakarsa ta farko ya tsallakar da 43, ya yi abin da aka saye shi ya yi, amma Mets ba ta ko kai zagayen kofi ba, kuma saura shekara 14. Yarjejeniyar da ke tsakanin masu kulob da ƙungiyar 'yan wasa za ta ƙare ranar 1 ga Disambar 2026, wasu masu kulob na son a sa iyakar albashi, 'yan wasa kuma sun daɗe da cewa ba za su taɓa yarda ba. Lokacin da aka gwada tilasta musu a 1994, yajin aiki suka tafi, aka soke World Series na shekarar gaba ɗaya.